Yadda za ka rubuta tarihin iyayen da suka tsufa tare cikin aure da bangaskiya

Da kakanmu ya rasu, wata bakwai kacal bayan kakarmu, ni aka ɗora wa rubuta tarihinsu saboda sujadar godiya da za a yi musu su biyun tare, wai ni ne mai kwamfuta. Na zauna dare biyu na fito da shafi huɗu, biyu na Baba biyu na Mama (haka kowa ke kiransu har mu jikoki). An haife shi shekara kaza, yayi makaranta, yayi aiki, ya zama dattijon ikkilisiya. An haife ta, ta shiga zumuntar mata, ta haifi kaza. Na kai wa gwaggona ina jiran yabo, ta sa tabarau ta karanta tsaf har ƙarshe, ta miƙo min tace "to ɗana, ina auren yake?" Shekara 58 mutanen nan suna ɗaki ɗaya, ni kuma na raba su a takarda kamar masu neman aiki a ma'aikata biyu.

Abin da nake so ka fara kamawa kenan in irin wannan aikin ya faɗo kanka, ko na iyaye ko na kakanni ko na wasu dattawan majami'arku. Abu uku kake rubutawa ba biyu ba: shi, ita, da zaman da ke tsakaninsu, kuma na ukun nan shi mutane suka zo ji. Ka duba Akila da matarsa Biriskila, wadda wani juyin Hausa ke kira Bilkisu. Sau shida aka ambace su a Sabon Alkawari, a Ayyukan Manzanni 18 sau uku, sai Romawa 16, 1 Korintiyawa 16 da 2 Timoti 4, ba inda aka kira ɗaya aka bar ɗaya, har ma sunan matar ne ya fi zuwa a gaba. Tare suke ɗinkin tanti, tare suka ja mai wa'azi Afolos gefe suka ƙara masa haske, ikkilisiya a gidansu take taruwa. Irin wannan tarihin kake nema.

Ka fara da masu rai, takardu za su jira ka

Kuskure na biyu da nayi shine na fara da kwalin takardu. Takarda ba inda za ta je, amma ƙanwar Mama da ta raka ta ranar aure ta haura tamanin, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Ka rubuta sunayen duk wanda ya san su tun suna matasa, ka jera daga mafi tsufa, ka fara ta can sama. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Kar ka tsaya kan dangi kawai, akwai maƙwabcin da suka yi shekara talatin katanga ɗaya, akwai yaran da suka riƙe ba su suka haifa ba (gidajen irin waɗannan mutanen ba a rasa su), akwai tsohon fasto ko fada ko katikis, akwai ma'auratan da suka taɓa kawo ƙarar juna falonsu aka sulhunta su. Waɗannan na ƙarshen su ke da labari mai nauyi, in sun yarda su faɗa.

Waya ta isa yin rikodin. Ka cika ta da caji, ka sa ta a yanayin jirgin sama don kar kira ya shigo ya yanke maka magana a tsakiya, ka kashe fanka da talabijin, ka ajiye ta kan wani abu mai laushi kusa da mai maganar ba kusa da kai ba. Ka nemi izini kafin ka danna, ka fara da faɗin ranar da sunan wanda kake hira da shi don nan da shekara goma ba za ka tuna ba. Murya kawai ta fi bidiyo a wajen tsofaffi, da sun ga kamara sai su gyara zama su koma yi maka wa'azi. Minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa zama guda, gara ka koma sau uku da ka gajiyar da mutum.

Sai tambaya, nan ne aikin yake. In kace "wane irin mutum ne Baba?" amsar ɗaya ce ko'ina: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai tsoron Allah. Gaskiya ne amma ba abin da za ka rubuta da shi, ana faɗin haka a kowace jana'iza. Ka tambayi abin da ido ya gani. Wa ke fara tashi da asuba? Wa ke ta da waƙa lokacin addu'ar gida, wa ke ɓata ta? Da wane suna yake kiranta in ba baƙo? In sun saɓa wa ke fara magana, kuma da me yake fakewa? A wane benci suke zama ran Lahadi? Wace shekara ce ta fi musu wuya? Da ka yi tambaya kuma kayi shiru, ko shirun yayi tsawo kar ka cike shi, yawanci bayan shirun nan ne maganar gaske ke fitowa.

Ta haka na samu abin da ya zama ƙashin bayan rubutun gaba ɗaya. Wata mata da ke zama bayansu a majami'a tace min a shekarun ƙarshe idon Mama ya mutu, kunnen Baba kuma ya toshe, to in aka ce a buɗe aya kaza ita ke ji ta matso ta faɗa masa a kunne, shi kuma ya buɗe ya bi da yatsa yana karanta mata ƙasa-ƙasa, wani lokacin ba ƙasa-ƙasa ba don bai san ƙarfin muryarsa ba, har yara su dinga dariya. Mu 'yan gida mun ga wannan sau ɗari bamu ɗauke shi komai ba. Sai da bare ta faɗa.

In ɗayansu na raye, shi ne babban shaidarka, amma ka bi a hankali. Kar kaje masa da waya satin rasuwa. Ka bari shi ya ja zancen, ka kawo hoto ɗaya ku duba tare, in ya tsaya ka tsaya. Kuma duk abin da za a buga ko a karanta a gaban jama'a, shi zai fara ji, yana da ikon cewa a cire.

Takardu da hotuna

Abu na farko da za ka nema shine Littafi Mai Tsarki nasu, tun kafin masu rabon kaya su kai gare shi. Ka buɗe shafukan farko da na ƙarshe, mutanen da da yawa nan suke rubuta ranar aure, haihuwar yara, baftisma, da rasuwar waɗanda suka riga su. Ka bi shi shafi-shafi, kar ka zazzage abin da ke ciki, duk takardar da ka samu ka ɗauki hotonta a inda take kafin ka cire, don wurin da aka sa ta ma magana ce. Na Baba da Mama guda ɗaya ne, shi yana ja da jan biro ita da fensir, kuma a Zabura 121 duk biyun sun ja layi ɗaya a kan ɗaya har takardar ta kusa hujewa. Bayan shi sai littafin waƙoƙi, satifiket na aure, katin baftisma, wasiƙu, tsofaffin furogiram na bikin cikarsu shekara 25 ko 50 in an yi.

Kwanan wata kuwa kar ka yarda da ƙwaƙwalwar kowa, har da taka. Mutum uku suka bani shekarar aure uku daban. Majami'u na ajiye rajistar aure da ta baftisma, ka je wajen sakatare ko limamin wurin da aka ɗaura auren da ladabi ka roƙi a duba maka, ka ba su lokaci don tsohon littafi ba a tebur yake ba. In takarda ta saɓa da baki, ka bi takarda. In babu takardar sam, ka rubuta "wajen shekara kaza", ba kunya a ciki, ya fi ka ƙirƙiro rana ka sa jikoki su yi ta kwafarta har abada.

Hotuna: in da na'urar sikanin, ka sa a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto) aƙalla, ƙananan hotuna irin na fasfo ka sa 600 don in za a faɗaɗa. In waya ce, ka ɗauka da rana kusa da taga, ba filasha, wayar a saitin hoton sosai ba a karkace ba. Kar ka yi wa tsohon satifiket lamineshin, zafi da gam ɗin na lalata shi kuma ba a iya cirewa. Kar ka rubuta suna a bayan hoto da biro, tawada na ratsawa, fensir mai laushi ake sa wa. Dangi in za su turo maka hoto ta WhatsApp kace su turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar na matse shi, a waya zai yi kyau amma a wajen bugawa sai fuska ta fito dishi-dishi. In akwai kaset na muryarsu ko na bikinsu, a maida shi na kwamfuta yanzu, zaren kaset na lalacewa ko ba a taɓa shi ba. Kuma ka zaunar da tsohuwar da ta ga bikin ta faɗa maka sunan kowa a cikin hoton aure, layi-layi.

Kar ka maida su mala'iku

Nan zan daɗe kaɗan don nan aka fi zamewa. Za ka ji ana cewa "ba a taɓa jin kansu ba, ko sau ɗaya basu taɓa faɗa ba". Wa zai yarda? Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Kuma illar wannan maganar ita ce matasan da ke zaune a wurin, waɗanda suka yi cacar baki a mota kafin su shigo, za su ji cewa nasu auren ne ya lalace, alhali abin da ya kamata su ji shine mutanen nan ma sun sha wuya suka zauna. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye ba. Ibrahim sau biyu yana cewa Saratu 'yar'uwarsa ce saboda tsoro, Farawa 12 da 20. Saratu tayi dariya da ta ji alkawarin Allah sannan ta musa. Duk da haka su biyun suna cikin jerin masu bangaskiya a Ibraniyawa 11, kuma da ta rasu tana da shekara 127 an rubuta cewa Ibrahim yayi makoki yayi kuka dominta, ya sayi kogon Makfela da shekel 400 na azurfa don ya binne ta, shi ma can aka kai shi daga baya.

To amma faɗin gaskiya ba tonon asiri bane. Yadda nake rarrabewa: abin da su da kansu suke ba da labarinsa suna dariya ko suna shaida a gaban mutane, wannan naka ne ka sa. Baba mai zafin rai ne yana saurayi, shi da bakinsa yake faɗa, na sa. Shekarar da aiki ya ƙare masa Mama ta riƙe gidan, na sa. Yaron da suka binne yana jariri na sa sunansa cikin 'ya'ya, da izinin gwaggona, kuma wannan layin ne ya sa ta kuka don tace shekara da shekaru ba wanda ya kira sunan. Abin da zai kunyata wani mai rai, ko rigimar da ba a gama ba, ko ciwon da suka ɓoye da gangan, ka bar shi a rikodin ɗinka na gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba sai an nuna wa duk ikkilisiya ba.

Bangaskiyar ma haka. "Sun ƙaunaci Ubangiji" jimla ce mai kyau amma ka nuna ta tana tafiya da ƙafa. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, da matarsa Rosalynn sun yi aure a 1946 suka yi shekara 77 tare, ta rasu a Nuwamba 2023 shi kuma a Disamba 2024 yana da shekara 100. Cikin abin da mutane suka fi riƙewa game da zamansu akwai karatun Littafi Mai Tsarki da suke yi tare kowane dare, da koyar da makarantar Lahadi da ya ci gaba da yi a ƙaramar majami'arsu har ya haura casa'in. Mutumin da ya zauna a fadar shugaban ƙasa kenan fa. Naka tsofaffin ma suna da irin nasu, nemo shi za ka yi.

Zaman rubutun

Ka buɗe da hoto ɗaya na su biyun, irin na bencin majami'ar nan, ba da "an haifi marigayi" ba. Daga nan ka koma baya a gurguje, sakin layi ɗaya nashi ɗaya nata har zuwa inda suka haɗu, daga haɗuwar kuma kar ka sake raba su. Muƙamai da kwamitoci ka tara su wuri guda a taƙaice. In ɗaya ya fi suna a waje, fasto ne ko shugaba, ka kula kar ɗayan ya koma "da matarsa" kawai. Ka ƙirga layukan kowa in ta kama.

Aya ɗaya ko biyu sun isa, kuma gara wadda suka ja wa layi da hannunsu da wadda kowa ke sawa. In baka samu ba, akwai Mai Hadishi 4:9-12 kan biyu sun fi ɗaya da igiya riɓi uku, akwai Luka 1:6 kan Zakariya da Alisabatu, akwai Ishaya 46:4 kan Allah mai ɗaukar mutum har furfura, akwai 2 Timoti 4:7. Ka buɗe ka kwafa daga juyin da suke karantawa, kar ka rubuta da ka. Wani abu kuma, mutane na son rubuta "sun koma sun ci gaba da aurensu a sama". Na gane zuciyar, amma wani dattijo zai tare ka da Matiyu 22:30 inda Yesu yace a tashin matattu ba a aure ba a aurarwa. Kace suna tare a wurin Ubangiji, 1 Tasalonikawa 4:13-17 na bayanka, ba mai gardama. Haka nan ka san ɗarikarsu: Katolika na roƙa wa matattu, ana ba da Mas dominsu, ana tuna su ran 2 ga Nuwamba, yawancin sauran ikkilisiyoyi kuma godiya suke yi saboda rayuwar mutum basa yi masa addu'a. Ka nuna wa limaminsu rubutun kafin a buga.

Jerin sunayen 'ya'ya, surukai, jikoki da tattaɓa-kunne shi ya fi komai kawo rigima, ba wasa nake ba. Ka tura wa kowane gida su duba nasu, mutum biyu daban su karanta na ƙarshe. Ni na manta matar wani kawuna, an riga an buga kwafi ɗari biyu, har yau in mun haɗu sai ta gaishe ni da "wanda bai san ni ba".

In za a karanta a sujada, ka tambayi minti nawa aka baka. Mutum na karanta wajen kalma 120 zuwa 140 a minti in ba sauri yake ba, kenan minti biyar wajen kalma 650 ne. Ka yi gajere na karantawa, dogon ya tafi cikin ɗan littafi. Ka karanta da ƙarfi a ɗaki sau uku, inda numfashi ya yanke ka sa alamar tsayawa, ka buga da manyan haruffa, ka ba wani kwafi ya tsaya kusa ko murya za ta ƙi fita. Ta kan ƙi.

Rubutun kan kabari kuwa gajere ne, shi yasa ya fi wuya. In ɗaya na raye a tambaye shi ko yana so a bar masa wuri a dutsen. Ruth, matar mai bishara Billy Graham, sun yi aure a 1943 ta rasu a 2007, ita ta zaɓi nata tun tana raye daga wani allon gefen titi da ta gani, ma'anarsa an kammala aikin gini, an gode da haƙurinku. Shi ya rasu a 2018 aka binne shi gefenta a birnin Charlotte na Amurka. Ka ga wannan ba wanda zai karanta bai ji halin matar ba. In tsofaffinka na da wata kalma da suke yawan faɗa, ta fi duk wata doguwar addu'a da mai sassaƙa zai kawo maka daga littafinsa.

Ajiya

Kwafi uku a wuri daban-daban: kwamfuta, filas ko faifan ajiya (hard disk), sai intanet (Google Drive na ba da 15 GB kyauta, ya isa murya da hotuna masu yawa). Ka ba mutum biyu a dangi damar shiga, ba kai kaɗai ba. Sunan fayil ya faɗi abin da ke ciki, shekara da suna da wuri. Abin da za a sa a Facebook kuma a rage, kar a sa cikakkiyar ranar haihuwa da adireshin gida da hoton satifiket, 'yan damfara na bin sanarwar rasuwa, musamman in tsoho ɗaya ya rage a gidan. In suna da shafi, Facebook na da hanyar maida shi na tunawa in dangi suka nema.

Ka buga ko kwafi goma ne a takarda, waya na ɓata, kalmar sirri na mantuwa. A bayan namu na bar shafi huɗu fari don duk wanda ya tuna wani abu ya rubuta da hannu. Ran da muka taru cikar shekara ɗaya na ɗauko na gidan gwaggo na duba, shafi uku sun cika, har da rubutun wani jika ɗan aji uku da ya sa cewa Baba na ɓoye masa kuɗin baiko a cikin safa don kar ya kashe a hanya, Mama kuma ta san safar.